Hanja: Kayan Koyon Haruffan Sin a Harshen Koriya

Hanja shi ne sunan da mutanen Koriya ke kiran haruffan Sin idan ana karanta su da lafazin Koriya. Da su aka yi rubutu a ƙasar sama da shekara dubu kafin Sarki Sejong ya ƙirƙiro Hangul, rubutun Koriya, a 1443, aka kuma shelanta shi a 1446. Ko bayan nan malamai da ma'aikatan fada ba su saki hanja ba, Hangul ya daɗe ana yi masa kallon rubutun mata da talakawa. Sai a ƙarni na 20 lamarin ya juya. Koriya ta Kudu ta kafa dokar rubuta takardun hukuma da Hangul a 1948, Koriya ta Arewa ta cire hanja daga abin da take bugawa a 1949. A 1970 gwamnatin Park Chung-hee ta fitar da su daga littattafan makaranta, a 1972 kuma aka dawo da su a matsayin darasi mai zaman kansa a sakandare. Jaridar Hankyoreh da aka kafa a 1988 ta fito da Hangul zalla, sauran jaridu suka yi ta rage hanja sannu a hankali. Yau mutum na iya karance littafin hikaya tun daga bango har bango bai ci karo da harafin hanja ko ɗaya ba.

Abin da ya ɓace shi ne surar haruffan a kan takarda. Kalmomin suna nan daram. Fiye da rabin kalmomin da ke cikin Babban Ƙamusun Daidaitaccen Harshen Koriya, wanda Cibiyar Harshen Koriya ta Ƙasa ta fitar a 1999, asalinsu hanja ne, kuma kason ya fi haka nesa a harshen shari'a da likitanci da siyasa da kimiyya. Matsayinsu ya yi kama da na kalmomin Larabci a Hausa: wanda bai taɓa zama gaban malami ba yana faɗin hukuma da hukunci da hakimi da hikima ba tare da wata matsala ba, amma wanda ya san saiwar da suka fito yana ganin zaren da ya ɗinke su, idan kuma ya ji sabuwar kalma daga wannan gida zai iya cankar ma'anarta. Gaɓar "hak", wadda ake rubutawa 學, tana nufin koyo. Ita ce a hakgyo, makaranta, da haksaeng, ɗalibi, da daehak, jami'a, da suhak, lissafi, da gwahak, kimiyya, da munhak, adabi. Mai koyon da ya riƙe wannan gaɓa ɗaya ya rage wa kansa haddar kalmomi da dama.

Rashin sanin saiwar yana jawo ruɗani har a tsakanin 'yan ƙasa. A 2022 wani shagon shan shayi a Seoul ya fitar da sanarwar neman afuwa, ya yi amfani da kalmar simsimhan, wadda ta fito daga 甚深, wato mai zurfi ƙwarai. Akwai wata kalmar ta asalin Koriya mai lafazi iri ɗaya da ke nufin gundura. Wasu masu karatu suka fusata, a ganinsu shagon ya ce ba da haƙurin ya gundure shi. Makonni aka yi jaridu na muhawara a kan ko matasa sun daina fahimtar harshensu. Irin wannan karo ya yi yawa saboda lafazin Koriya bai riƙe karin sautin da ke bambanta gaɓoɓi a Sinanci ba. Sudo na iya zama babban birni, 首都, ko famfon ruwa, 水道, kuma a Hangul rubutunsu ɗaya.

Saboda haka tambayar farko ga mai neman kayan karatu ita ce me yake so ya iya. Masu koyo sun kasu uku a zahiri. Akwai mai son faɗaɗa kalmominsa, wanda bukatarsa ita ce ya san cewa "su" na nufin ruwa a wasu kalmomi, hannu a wasu, lamba a wasu. Akwai mai son karanta abin da har yanzu ake rubutawa da hanja: kanun jarida, sunayen mutane, littattafan shari'a da na tarihi, jaridun da aka buga kafin shekarun 1990. Sai mai son karanta tsofaffin matani da aka rubuta da tsohon Sinanci, abin da 'yan Koriya ke kira hanmun. Yawancin 'yan ƙasashen waje suna cikin kashi na farko, amma sau da yawa suna sayen littafin da aka yi domin kashi na biyu, su yi wata biyu suna jan layuka, su gaji su ajiye. Jarrabawar TOPIK, wadda jami'o'i da ma'aikatun Koriya ke nema daga baƙi, ba ta tambayar hanja ko kaɗan, duk da cewa matakanta na sama cike suke da kalmomin da suka fito daga gare su.

Duk littafin da aka ɗauka, za a tarar da tsarin da 'yan Koriya suka gada na haddace harafi da sunaye biyu a jere: hun, wato ma'anarsa da kalmar gida, sai eum, wato lafazinsa. Harafin 水 ana kiransa "mul su", mul shi ne ruwa a harshen gida, su kuma lafazin harafin. 火 shi ne "bul hwa", 木 "namu mok", 人 "saram in". Dabara ce mai kyau, domin tana ɗaure ma'ana da sauti wuri guda, kuma da ita mutane ke bayyana wa juna haruffan sunansu a waya ko a ofis. Sai dai an gina ta ne domin yaron da ya riga ya san mul da bul da namu tun a goye. Baƙon da bai san su ba yana haddace abu biyu da bai sani ba a lokaci guda. Wani lokaci ma hun ɗin tsohuwar kalma ce da ta fita daga baki: 李, harafin sunan dangin Lee, ana kiransa "oyat ri", alhali ɗan itacen da ake nufi yau jadu ake ce masa a kasuwa. Wannan ne ya sa ya fi dacewa a jinkirta hanja har sai mai koyo ya zauna da Hangul sosai, ya kuma tara 'yan ɗaruruwan kalmomi. A lokacin ne harafi ke zuwa a matsayin bayanin abin da aka riga aka sani.

Mafi tsufa a cikin littattafan farawa shi ne Cheonjamun, Matanin Haruffa Dubu, wanda Zhou Xingsi ya tsara a ƙasar Sin a ƙarni na 6. Haruffa dubu ne a jimloli 250 masu haruffa huɗu-huɗu. Da shi yara ke farawa a seodang, makarantun ƙauye na zamanin daular Joseon, suna rerawa da ƙarfi a gaban malami, kuma bugun da aka yi da rubutun hannun Han Seok-bong a 1583 ya zama abin kwaikwayo na ƙarnoni. Har yau ana sayar da shi, kuma baƙi da yawa na ɗauka cewa tunda shi ne na gargajiya, shi ne mafari. Malaman Koriya kansu sun daɗe da ganin aibinsa. An jera haruffan ne domin waƙa ta tashi, ba a bi sauƙi ko yawan amfani ba, don haka yaro na haɗuwa da harafi mai wuya tun a shafukan farko, wasu haruffan yau da kullum kuma babu su sam. Choe Sejin ya fitar da Hunmong Jahoe a 1527, mai haruffa 3,360 da aka kasa bisa fanni, kamar sassan jiki da tsirrai da dabbobi, da fassara cikin Hangul. A wannan littafi ne sunayen baƙaƙen Hangul irin su giyeok da nieun suka samo asali. Daga baya Jeong Yak-yong, babban malamin ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19, ya soki Cheonjamun a fili, ya tsara nasa mai suna Ahakpyeon da haruffa 2,000. Ga mai koyo na yau, Cheonjamun abin sani ne na al'ada da na koyon rubutun alƙalamin gashi. Ba shi ne hanyar kusa ba.

Ma'aunin zamani shi ne jerin haruffa 1,800 da Ma'aikatar Ilimi ta Koriya ta Kudu ta fitar a 1972, 900 domin ƙaramar sakandare, 900 domin babba. An yi masa kwaskwarima a 2000, aka musanya haruffa 44. Kusan duk littafin kirki a kan wannan jeri yake tafiya. Ya kamata a san cewa darasin da ake koyar da su a sakandare, wanda shi ma hanmun ake kiransa, na zaɓi ne, kuma matasa da yawa na gama sakandare da ƙasa da wannan adadi nesa ba kusa ba. Baƙon da ya ɗora wa kansa 1,800 ya ɗora abin da akasarin 'yan ƙasa ba su ɗauka ba.

Jerin da ya fi amfani wajen tsara karatu shi ne na jarrabawar ƙwarewa da ƙungiyar Hanguk Eomunhoe ke shiryawa. Matakanta na tafiya daga 8 zuwa 1. Mataki na 8 haruffa 50 ne kacal, na 7 kuma 150, na 6 300, na 5 500, na 4 1,000, na 3 1,817, na 2 2,355, na 1 3,500, sannan akwai mataki na musamman mai 5,978. Haruffa hamsin na farko an zaɓe su da hankali: lambobi, ranakun mako, gabas da yamma da kudu da arewa, uba da uwa da wa da ƙane, sunan ƙasar, makaranta da malami. Ranakun mako kaɗai darasi ne, domin wata da wuta da ruwa da itace da ƙarfe da ƙasa da rana su ne wol, hwa, su, mok, geum, to, il, kuma kowannensu na dawowa a kalmomi masu yawa. Littattafan shirin wannan jarrabawa sun cika shagunan Koriya, masu araha ne, da gidajen dara na kwafar harafi da tambayoyin gwaji. Yaran firamare aka yi wa na ƙananan matakai, shi ya sa bayaninsu ke da sauƙi, kuma baƙo mai matsakaicin harshe zai iya binsu. Ga kashi na farko na masu koyo, kaiwa mataki na 6 ko na 5 ya wadatar.

A cikin abin da aka rubuta wa baƙi, littafin Bruce K. Grant mai suna A Guide to Korean Characters, wanda kamfanin Hollym ya buga a 1979, shi ne ya fi daɗewa a hannun mutane. Ya ƙunshi haruffa 1,800, kowanne da tsarin jan layukansa da ma'anarsa da misalan kalmomi. Littafin dubawa ne mai kyau, amma ba darasi ba ne, kuma tunda ya riga kwaskwarimar 2000, jerinsa ya ɗan saɓa wa na yanzu. Korean Reader for Chinese Characters, na madaba'ar Jami'ar Hawaii a 2002, ya fi kama da aji: haruffa kusan ɗari biyar ne a cikin darussa, da matanin karatu inda ake ganinsu a cakuɗe da Hangul. Amma wanda ya fi dacewa da mai neman kalmomi shi ne Handbook of Korean Vocabulary na Miho Choo da William O'Grady, wanda ya fito daga wannan madaba'a a 1996. An tsara shi bisa lafazin saiwa. Mai karatu ya buɗe gaɓa ɗaya, ya ga saiwoyin da ke ɗauke da wannan lafazi an raba su, kowace da 'ya'yanta a ƙarƙashinta. Harafin na nan a gefe, amma ba a tilasta wa kowa rubuta shi. Your First Hanja Guide na kamfanin Talk To Me In Korean ya bi irin wannan tunani da salo mafi sauƙi da haruffa kaɗan. Kusan duka da Ingilishi suke.

Yaran Koriya na wannan zamani da yawa ba daga littafin makaranta suka fara sanin hanja ba. Daga Mabeop Cheonjamun ne, jerin littattafan zane da aka fara fitarwa a 2003, wanda aka sayar da miliyoyin kwafinsa. Jarumin shi ne Son O-gong, birin nan na tsohuwar hikayar Sin, kuma duk sihirin da zai yi sai ya kira harafi da hun da eum ɗinsa, harafin ya bayyana ƙato a shafi, iska ta taso ko wuta ta kama. Babba ma zai ƙaru da shi, in dai ba ya jin kunyar riƙe littafin yara a mota.

Ƙamusun hanja na takarda okpyeon ake ce masa, sunan da ya samo daga wani ƙamus na Sin mai suna Yupian na shekarar 543. Neman harafi a ciki sana'a ce da kanta. Sai an gane busu, wato jigon harafin, daga cikin jigogi 214 da ƙamusun Kangxi na 1716 ya tabbatar, sannan a ƙirga sauran layukan, sannan a je shafin. Wanda bai san yadda ake ja ba zai ƙirga kuskure, domin abin da ido ke gani layi biyu yana iya zama ja ɗaya da aka lanƙwasa. Wayar hannu ta kawar da yawancin wannan wahala. A ƙamusun hanja na shafin intanet na Naver ana zana harafin da yatsa, ya kawo masu kama da shi a zaɓa, ya nuna hun da eum da busu da yawan layuka da matakin jarrabawarsa da kalmomin da yake ciki, har da motsin yadda ake jansa. Daum ma na da nasa. Shafukan da harshen Koriya suke. Mai ƙaramin ƙarfi a harshen zai fi jin daɗin ƙamusun masu koyo na Cibiyar Harshen Koriya ta Ƙasa, wanda ke kyauta a intanet, yana nuna hanjan kowace kalma a gefenta, kuma yana da fassara da harsuna da dama, ciki har da Ingilishi da Faransanci da Larabci. Ga ɗalibin Maradi ko Zinder da ya yi boko da Faransanci, ko na Kano da Larabcinsa ya fi Turancinsa ƙarfi, wannan ya fi littattafan da aka ambata kusa. A kwamfuta kuma, allon rubutun Koriya na da maɓallin hanja: a rubuta gaɓa da Hangul, a danna, jerin haruffan da ke da wannan lafazi ya fito.

Duk da haka bai kamata a yi watsi da busu ba, domin amfaninsa ya wuce neman shafi. Mafi yawan haruffa haɗi ne na ɓangaren ma'ana da ɓangaren sauti. 靑 ana karanta shi cheong. Aka sa masa jigon ruwa ya zama 淸, tsabta, aka sa na rana ya zama 晴, washewar sama, aka sa na magana ya zama 請, roƙo, kuma duka ukun cheong ne. Da jigon zuciya ya zama 情, shauƙi, lafazin ya ɗan gusa zuwa jeong. Littafin da ke nuna wannan dangantaka ya fi wanda ke ƙirƙiro tatsuniya ga kowane harafi. Manhajojin katin tuni irin su Anki, masu dawo da kati a lokacin da ake gab da manta shi, suna da tarin katunan hanja da mutane suka haɗa suka raba kyauta. Ingancinsu ya bambanta ƙwarai. Katin da ke ɗauke da harafi da ma'ana kawai ba ya zama a kai. Wanda mai koyo ya haɗa da kansa, da kalmomi biyu ko uku da ya riga ya sani, shi ne mai amfani.

Akwai jarabar ɗaukar kayan koyon Sinanci ko Japananci, tunda sun fi yawa kuma sun fi kyan tsari. A nan sai an yi hattara. Koriya ta riƙe tsofaffin surori, alhali ƙasar Sin ta sauƙaƙa nata tun daga 1956, Japan ma ta rage wa wasu layuka bayan yaƙin duniya na biyu. Abin da Koriya ke rubutawa 學 da 國, su suna rubuta 学 da 国. Surorin Taiwan da Hong Kong ne suka fi kusa. Ma'ana ma na kaucewa: 工夫, gongbu, karatu ne a Koriya, amma a Sinanci ƙwazo ne da lokacin da aka ba aiki. Akwai kuma haruffan da Koriya ta ƙirƙira da kanta, kamar 畓, gonar shinkafa, wato ruwa a kan gona, da 乭 da ke cikin sunan Lee Sedol, gwanin wasan dara na baduk. Sauƙin da Koriya ke da shi a kan Japan shi ne yawancin haruffa lafazi ɗaya suke da shi. 'Yan kaɗan ne ke da biyu ko uku, kamar 金 da ke zama geum a ƙarfe da kuɗi, Kim a sunan dangi. Abin da ke rikita sabon shiga shi ne ƙa'idar farkon kalma a Kudu, inda sautin r ko n ke sauyawa ko ya faɗi: 女 nyeo ne a namnyeo, maza da mata, amma yeo a yeoja, mace. Arewa ba ta bin wannan ƙa'ida, shi ya sa kalmar ƙwadago take nodong a Seoul, amma jaridar jam'iyya a Pyongyang sunanta Rodong Sinmun.

Wajen gwada abin da aka koya, titi da jarida sun isa. Kanun labarai na amfani da 美 a madadin Amurka, 中 Sin, 日 Japan, 北 Koriya ta Arewa, 與 jam'iyya mai mulki, 野 'yan adawa, su kuma taƙaita shugaba da harafin danginsa. A gidan abinci 大 da 中 da 小 ne ke nuna girman kwano. Ƙaton harafin da ke jikin ledar taliyar Shin Ramyun, 辛, yaji yake nufi. Ambulan ɗin gudummawar biki da na ta'aziyya har yau sau da yawa da hanja ake rubuta bayansu. Sunayen mutane ma haka: Kotun Ƙoli na riƙe da jerin haruffan da aka yarda a yi rajistar suna da su tun 1991, kuma ya haura 8,000. Mai son matani na gaske zai samu taskar tsofaffin jaridu ta Naver, wadda ta tattara bugu daga 1920 zuwa 1999, inda ake ganin rubutun gauraye, kalmomin aro da hanja, ɗafe-ɗafen nahawu da Hangul, a jere daga sama zuwa ƙasa.

Kashi na uku, masu neman hanmun, hanyarsu daban ce, domin sanin haruffa ba ya buɗe matanin. Nahawunsa na tsohon Sinanci ne, aikatau na zuwa kafin karɓau, saɓanin harshen Koriya, kuma babu ɗafe-ɗafen da ke nuna aikin kalma. Matakin shiga da aka saba shi ne sajaseongeo, karin magana masu haruffa huɗu, waɗanda har yau 'yan siyasa da marubuta ke jefawa a zance, kuma jaridar malaman jami'a ta Gyosu Sinmun na zaɓen guda ɗaya duk ƙarshen shekara domin siffanta halin ƙasa. Daga nan sai littattafan hanmun na sakandare. Babban abin dogaro shi ne Hanhan Daesajeon na Jami'ar Dankook, juzu'i 16 da aka kammala a 2008 bayan aikin shekara talatin, mai haruffa sama da 50,000. Tarihin sarakunan Joseon, Joseon Wangjo Sillok, wanda UNESCO ta sa a kundin taskokin duniya a 1997, yana intanet kyauta a ƙarƙashin Cibiyar Tarihin Koriya ta Ƙasa, da asalin matanin da fassararsa ta harshen yau a wuri guda. Cibiyar Fassara Tsofaffin Littattafan Koriya ma ta buɗe rumbunta na rubuce-rubucen malaman da. Ɗalibin da ya kai nan yakan karanta jimla a asali, ya gwada fahimtarsa, sannan ya duba fassarar ya ga inda ya kauce.